Dattijon da Ya Rufe Bakin Birki

A kasuwar tsofaffin motoci ta ranar Lahadi, a bayan garin Niš, akwai wani dattijo da na kasa ɗauke ido daga kansa. Rigarsa fara fes, gashin bakinsa a gyare, amma faratansa baƙi ƙirin. Yana tsugune a gindin tsohuwar tirelar kwana da yake sayarwa, irin wadda iyayenmu ke ja da mota zuwa bakin teku. Da an taka birkinta na lantarki, sai ƙafar hagu ta kama kuka.

Wani matashi da matarsa mai tsohon ciki suna zagaya ta.

"Kawu, wannan kukan fa?" in ji matashin.

"Tsatsar hunturu ce, ɗana. Ku je ku sha kofi, kafin ku dawo ta yi shiru."

Suna juya baya, bai duba wayar birkin ba, bai kwance taya ba. Ya waiga dama da hagu, ya zaro gwangwanin mai daga aljihu, ya fesa cikin birkin. Hannun nan bai yi kama da na ɗan koyo ba. In kuwa tsohon makanike ne, ya san birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Sun dawo, an taka, shiru. Nan take suka saye ta.

"Gobe sai gangaren duwatsu, har teku," in ji matar tana dariya.

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata," ya ce, yana zana gicciye a ƙirjinsa da yatsun da ke ƙyallin mai.