'Yata a Takardar Maƙwabci

Unguwar da na zauna a kudancin Jidda, can bayan Sa'alaba, ba hukuma ce ta yanka ta ba, mu muka yanka ta da kanmu. Duk wanda ya gama aikin hajji ya ƙi komawa gida, sai ya zo ya nemi fili, ya tsinto katakon akwatunan da ake sauke kaya da su a tashar jirgin ruwa, ya fasa gwangwanayen man girki ya daddaƙe su da guduma, ya kafa ɗaki. Sandaka ake ce wa irin wannan ɗaki. Da tsakar rana in ka jingina da bangonsa sai ya ƙone ka. Ruwa motar tanki ce ke kawowa, ta tsaya a bakin kwalta don lungunanmu ba sa ɗaukarta, mata su fito da jarkoki. Wutar lantarki kuwa waya ɗaya aka jawo daga gidan wani Bayamane, kowa ya ja tasa daga jikinta. In rigima ta tashi ba a kiran askar, wato ɗan sanda, domin in ya zo, da mai gaskiya da marar gaskiya zai kwashe. Liman da dattawa biyu ke raba faɗa a ƙofar masallaci.

Sana'ata tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Zamanin ne Larabawa ke barin tsofaffin gidajensu na Hindawiyya suna komawa sababbin benaye a Safa, kuma ba wanda ke son shiga sabon gida da tsohon firji. Ni kuwa ina so. Ina saye, in wanke, in sauya abin da ya ƙone, in sayar wa mutanenmu. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma in na kara kunnena a bayan firji na san ko zai kai shekara.

Abin da ba ni da shi iƙama, wato takardar izinin zama. Saboda haka duniyata daga masallaci ce zuwa bakin kwalta, tafiyar da ba ta kai shan shayi ɗaya ba. Kayan Jidda duka suna zuwa hannuna, ni ban san ƙofar gidajen da suke fitowa ba. Maƙwabcina ne ƙafata. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo a ƙasa daga wajen Damagaram, shi kuwa bai taɓa ganin Nijar ba sai a bangon fasfonsa. Yana da iƙama, yana da kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa a wajen hukuma, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ake turawa kafin ta tashi. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba.

"Mai firji, yau na samo maka gawa uku," haka zai ce in ya dawo. "Ɗaya tana numfashi, biyu sai dai ka yi musu salla. Yalla, zo ka kama."

Na yi aure a nan unguwar, na auri wata 'yar Katsina da ta zo umra da gwaggonta. Ita ma ba ta da takarda. Matan unguwa a gida suke haihuwa, da ungozoma, kuma haka muka shirya. Amma da naƙuda ta zo sai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A wuni na biyu, bayan azahar, ungozomar ta fito tana goge hannu ta ce mini wannan ta fi ƙarfinta, a nemi asibiti.

Kowa a unguwar ya san yadda ake yi. Mace marar takarda takan ari iƙamar wata, ta sa niƙabi, ta amsa sunan mai takardar, ta haihu, ta fito. Matar Yaya ba ta jira na roƙe ta ba. Ta miƙo tata, ta zauna kusa da matata a bayan mota tana maimaita mata sunan da za ta faɗa. Yaya ya ja motar, ni na tsaya a bakin kwalta ina kallon motar har ta ɓace. Kafin magariba ya dawo ya ce mace ce, kuma uwar na nan lafiya.

Har nan ban yi kuskure ba, rai na ceta. Kuskuren a kwana na huɗu na yi shi, kuma da hankalina na yi. Yawancin mutane in sun fito asibiti sai su bar maganar a nan, ba sa komawa karɓar takardar haihuwa. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, ban saba ganin abu mai amfani a yashe in wuce ba. Na ga yaran unguwa suna girma a lungu, ba makaranta, ba asibiti, in suka ga farar motar masu kame su watse. Na tare Yaya yana wanke gilashin motarsa.

"Yaya, ka je ka karɓo takardar nan, ka sa yarinyar a iƙamarka."

Ya ajiye tsumman. "Kai mai firji, wannan fa ba kwampireso ba ce da za ka cire a nan ka ɗaura a can."

"Wa zai sani? 'Ya'yanka huɗu, su zama biyar. Abincinta nawa, suturarta nawa, a ɗakina za ta kwana. Suna kawai nake aro."

"Shigar da ita sahal ne, ya akhuya, ba wuya. Fitar da ita fa?"

"Ina za ni da zan fitar da ita?"

Ya ɗauki tsummansa, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah ya raya ta."

Shekara tara ina ganin na yi dabarar da ta fi kowace dabara a rayuwata. Yarinya ta shiga makarantar gwamnati tare da 'ya'yan Yaya, tana tafiya a bakin titi ba ta waige-waige. Larabci ya zauna a bakinta fiye da Hausa. Ni take ce wa Baba, Yaya kuma Ammi, wato baffa, amma a saman littattafanta sunansa ne ke bin nata. In an aiko da takardar sakamako shi ke sa hannu, ya leƙo ta katanga ya ce, "'Yata ta zo ta biyu. Kai taka ta nawa ta zo?" Mu yi dariya.

Sai wata shekara alhazan garinmu suka zo mini da kaset daga mahaifina. Haka muke gaisawa da gida a lokacin, domin shi ba ya karatun boko, waya kuma babu a ƙauyen. Na sa a rediyo. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce idonsa ya tafi, ya ce gidan da na yi ta aika kuɗi ana ginawa an rufa shi, kaji ne ke kwana a ciki. Ya ce in zo ya taɓa kan jikarsa.

A watannin nan kuma aka yi shela cewa duk marar takarda da ya miƙa kansa cikin wa'adi zai fita ba ɗauri ba tara. Unguwa ta motsa. Mutane suna ta kwance kaya suna ɗaure buhuna. Na ce wa matata lokaci ya yi. Na sayar da rabin abin da ke rumfata, na sa rigata mai kyau, muka hau motar Yaya da yarinyar zuwa ofishin jakadancin ƙasarmu. Rabona da tsallake kwaltar nan har na manta. Ina ta kallon benaye kamar baƙon da ya sauka jiya.

Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, Bahaushe ɗan'uwanmu. Ya rubuta sunana, ya rubuta na matata. Da ya zo kan yarinya ya tambayi ko tana da wata takarda. Na zaro takardar haihuwar da alfahari na miƙa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"Alhaji, wannan ai ba 'yarka ba ce."

"'Yata ce, ga uwarta nan."

Ya rage murya. "Na yarda, ga kama nan a fuska. Amma a nan an rubuta uba wani ne, uwa wata ce, ƙasar ma ba tamu ba. In na ba ta takardar tafiya, a filin jirgi za a ce ka ɗauko 'yar mutane. Ka mayar da wannan aljihu, ban gani ba. Ka je ka yi tunani."

A hanyar dawowa yarinyar ta yi ta karanta mana allunan shaguna.

Kwana uku ina juya abin kamar yadda nake juya ciniki, ban sami ta inda zai ɓulle ba. In na yaga takardar na ce a gida aka haife ta, Yaya zai wayi gari da 'ya a iƙamarsa wadda ba zai iya nunawa ba ranar sabuntawa. In shi zai fitar da ita bisa ƙa'ida, sunanta a cikin fasfon matarsa yake, fasfon kuma yana cikin durowar kafili, wanda zai fara da tambayar me mace za ta je yi ƙasar da ba ta san kowa ba. In kuwa muka je muka faɗi gaskiya, an yi wa hukuma ƙarya a rubuce, kuma shi da matarsa ne suka sa hannu. Za a kwashe su da 'ya'yansu, da tsohuwar uwarsa, a sauke su a ƙasar da ko hanyar tasha ba su sani ba.

Yaya bai ce mini "na gaya maka" ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya zo rumfata da la'asar ya zauna a kan wani mataccen firji, ya ce, "In ka ce mu je mu faɗa, wallahi sai mu je. Ni na sa hannu, ba wanda ya kama mini yatsa."

Na ce masa ya bar wannan maganar.

Matarsa ce ta kawo ɗaya shawarar, ta bakin matata. Ta ce mu tafi mu bar mata yarinyar, ai dama 'yarta ce, za ta riƙe ta har ta yi aure. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Na kuma san wanda ya fita ta wannan ƙofar ba ya dawowa da wuri, in ma ya dawo. Ban ɓoye ba, na auna shawarar. Na ce wa matata shekara nawa ne, yarinya za ta girma ta sami fasfon kanta.

Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, kai ka je ka ga Baba, ba zan hana ka ba. Ni dai inda ta kwana nan zan kwana."

Wa'adin ya cika muna nan. Na tsaya a bakin kwalta na yi sallama da mutanen da muka kafa unguwar tare, na ba ɗaya daga cikinsu kaset ya kai gida. A ciki na sa yarinyar ta gaishe da kakanta. Ta ce, "Kaka, ina wuni, kaif halak," uwarta na gyara mata daga gefe. Sannan na kore su waje na faɗa masa komai yadda yake, ban ce aiki ne ya riƙe ni ba. Na ce dabarata ce ta riƙe ni, kuma ban san ranar da za ta sake ni ba.

Amsarsa ta zo da alhazan shekarar da ta biyo baya, gajeriya. Ya ce ya ji. Ya ce in gaishe masa da maƙwabcin nan nawa da kyau, in ce ya gode. Ya ce a riƙa yi wa yarinyar Hausa a gida, don bai gane rabin gaisuwarta ba. Alhazan da suka biyo bayan waɗannan ta'aziyyar rasuwarsa suka kawo mini, na karɓe ta a ƙofar rumfa, washegari na buɗe na ci gaba da aiki.