Laburaren Gwadabe Mai Tsire

Duk wanda ya zauna unguwar Birikiteri a zamanin shugaba Ahijo ya san tukubar Gwadabe mai tsire, a kwanar da ke gangarawa kasuwar Mokolo. Ni Safiyatu shekara goma sha ɗaya na yi ina toya ƙosai kusa da shi, hayaƙinsa na shiga idona, surutuna na shiga kunnensa. Don haka ba wanda zai gaya mini halinsa.

Gwadabe ya sauke Alƙur'ani, ajaminsa kuwa kamar zane, amma faransanci ko harafi ɗaya bai sani ba, kuma abin yana ci masa rai. Wata rana ya ji an ce akwai ɗakin karatu a cikin gari, inda littattafai suka kai rufi. Ya zuba rigarsa ta Juma'a ya tafi. Da ya leƙa ya ga wurin tsit, kowa ya sunkuyar da kai, sai ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu kamar zai shiga masallaci. Mai gadi ya nemi kati da hoto. Ba shi da ko ɗaya, haka ya juyo.

"Ƙanwata," ya ce da ni, "ashe ilimi ma sai da kati?"

Na yi ta dariya har man ƙosaina ya kusa ƙonewa. Shi bai yi dariya ba.

Masu tsire da tsohuwar jarida suke naɗe nama, kwantan da ba ta saidu ba, ana auno ta a kilo. Tun daga ranar Gwadabe ya kafa doka: ba takardar da za ta taɓa nama sai an karanta masa ita. Wa zai karanta? Ni, da na yi aji biyar na bari. Kowace safiya kafin ya hura wuta sai na karanta masa kanun labarai, ina tuntuɓe ina tashi, shi kuma yana rarraba su a kan ƙusoshi. Ga ƙusar ƙwallo, ga ta labarin hajji, ga ta sanarwa. Ya riƙa naɗe tsire da ganyen ayaba tukuna, sannan jarida a waje, don kada mai ya ɓata rubutu. Kuma yana zaɓa wa kowa shafinsa. Tela ya samu mai hoton kaya, mai ɗa a makaranta ya samu na jarrabawa. Wanda ya gama ya dawo da ita, a jera a kan katako a ƙarƙashin kwano, kowa ya ɗauka. 'Yan tsokana suka sa wa wurin suna laburare mai yaji, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu.

Wata Litinin da damina na ci karo da sanarwa. Za a kafa famfo a layinmu, kuma ana kiran mazauna layin, maza da mata, su zo makaranta ranar Alhamis su zaɓi inda za a sa shi. Jaridar ta yi mako biyu da fitowa, saura kwana uku.

Gwadabe ya ajiye wuƙarsa. Matarsa Ma'u daga kwari take ɗebo ruwa, ta hawo gangaren jar laka da bokiti a ka. A daminar nan sau biyu tana faɗuwa, gwiwarta ta kumbura, amma gida ba ya zama ba ruwa.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Alhaji Ƙasimu, attajirin layinmu, kullum ana kawo masa jarida sabuwa fil. Ya sani tun tuni ya yi gum da bakinsa, don ya je da 'yan hayarsa su ce a kafa famfon a ƙofar gidansa, can saman tudu.

Allah ya taimake mu, ɗaurin da Gwadabe ya auno duk fitowar rana ɗaya ce, kwafi kusan arba'in. Kwana uku kowane tsire a wannan shafin ya fita, har da ƙosaina. "Ka kai gida a karanta wa mata," haka yake gaya wa kowa.

Ranar Laraba da la'asar sai ga aike daga gidan Alhaji, tsire tsinke ashirin. Na ga Gwadabe ya miƙa hannu ga ƙusar sanarwa.

"Yaya, haba! Su ma?"

"Su ba 'yan layi ba ne?"

"Ai shi ya ɓoye mana!"

"To in na ɓoye wa gidansa, me ya raba ni da mai gadin ɗakin karatun nan?"

Na yi tsaki na juya masa baya. Har aka yi magariba ban kula shi ba.

Ranar Alhamis ajin ya cika maƙil, duk ƙanshin yaji, don da yawa sun zo da takardunsu a hannu. Jami'in da aka turo ya yi ta shinshina iska. Aka ce masu son ƙofar Alhaji su ɗaga hannu, aka ƙirga ashirin da shida. Masu son mararraba, tsakiyar layi, mu ma ashirin da shida. Na dubi Ma'u tana dafe da gwiwa.

Sai wata mata ta miƙe daga can baya cikin mayafi, da shafin a hannunta. Hajiya Karimatu ce, matar Alhaji.

"Ni ban ɗaga ba tukuna," ta ce. "Jiya 'yata ta karanta mini wannan, da ban ma san da zancen ba. Alhaji, ka yi haƙuri. Famfo a ƙofata, hayaniyar bokiti tun asuba, ga caɓi har zaure, wa zai share? A kai shi mararraba."

Ajin ya ɓarke da dariya. Alhaji ya gyara hula, daga baya shi ma ya murmusa. Ni kuwa kunya ta hana ni duban Gwadabe.

Ranar da ruwa ya zo, Ma'u ce ta fara tara bokiti. Taku talatin ne daga ƙofarta, ba hawa ba gangara. Gwadabe ya tsaya yana kallonta har ta shige gida, sannan ya zaro shafin daga aljihu ya miƙo mini.

"Ƙanwata, nuna mini inda aka rubuta 'maza da mata'."

Na nuna masa. Ya ɗora yatsansa a kan layin ya daɗe, ga shi ba ya iya karanta ko harafi ɗaya na faransanci. Sai ya ninke takardar a hankali ya mayar aljihu.

"Wannan dai ba za ta naɗe nama ba," ya ce.