Ranar da Na Tsaya Kan Bishop

Har yanzu in na tuna sai in ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Maigidana ne ya jawo mini, shi da son abin kyauta. Injiniyanci yake karanta a jami'ar Salford, ba abin da ya haɗa shi da tarihi, amma da ya ji 'yan ajin tarihi za su zaga tsofaffin wurare kuma akwai sauran kujeru a mota, sai ya sa sunanmu. Lokacin cikina na fari bai daɗe da shiga ba. Daga ni sai shi muka sani, don ba maganar da ake yawo da ita ba ce.

Aka fara da ragowar ganuwar Rumawa a nan Manchester. Wasu duwatsu ne a jere, ba su kai gwiwata ba, malamar ajin tana shafa su kamar ita ta haife su. Ni da na taso a gindin badala, irin wannan a wurinmu awaki ke hawa su sha hantsi. Maigida kuwa ya goya hannu a baya yana gyaɗa kai, sai ka rantse da shi aka yi ginin.

Daga nan muka miƙa Birmingham. A unguwar Sparkhill aka ɗauki wasu, cikinsu har da wata Anti 'yar Kafanchan, Kirista ce, nas. Tana jin Hausa a bakina ta tashi maigida daga kujerarsa ta zauna kusa da ni.

Bayan gari aka kai mu wani tsohon coci mai sanyi kamar randa. Ban taɓa shiga coci ba. Na sunkuya zan cire takalmi, maigida ya ce in daina ba shi kunya. Daɓen wurin manyan duwatsu ne masu rubutu da ya sha taku har ya goge, na ɗauka sunayen waɗanda suka ba da taimakon gini ne. Na zaɓi wani mai faɗi, mai adon tagulla, na tsaya a kai na gyara mayafi a ɗauke ni hoto. Sai tsohon da ke zagayawa da mu ya nuno ni yana murmushi, ya ce ga wata ta hau kan bishop ɗinsu. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su.

"Kabarinsa ne," in ji maigida a kunnena.

Na dubi ƙasa. Gabana rubutu, bayana rubutu, har bakin ƙofar da muka shigo. Tun ɗazu kan mutane nake yawo. Kakata ko hanyar maƙabarta ba ta barin mai ciki ta bi, ta ce wadda ta ƙetare kabari abin da ke cikinta ba ya zama. Na yi tsalle na koma wani ɗan siririn wuri marar rubutu, na ƙame.

"Ke, taho mana, ana jiranmu," in ji maigida.

"Ba inda za ni."

"Camfi ne fa. Mutanen nan sun daɗe da zama ƙasa."

"To ka kwanta a kansu mana, tun da ƙasa ce."

Anti ta matso. "Injiniya, ƙyale ta. Ni da ba na fashin Lahadi ban taɓa ganin an shimfiɗa mutum a madadin tayil ba. Mu a gida bayan gari muke kai namu." Sai idonta ya sauka kan hannuwana da na rufe mara da su. "Af! Ƙanwata, ashe da dalili."

Da ƙasar ba ta da masu ita da na nutse. Malama ta zo tana tambaya ko lafiya, shi kuwa gogan, don kar a ce ya auro baƙauyiya, ya buɗe baki da Turanci ya sanar wa duniya matarsa na da ciki. Wallahi tafi suka yi. A kan gawarwaki suka tafa mini, har da mai fito. Tsohon ya garzaya ya kawo kujera, ya dasa ta kan wani mamacin ya ce in huta.

Na ce Anti ta tambaye shi hanyar da ba kowa. Ya amsa cike da alfahari cewa babu, ko inda na tsaya akwai mutane, sunayensu ne dai suka ɓace. Nan kuka ya ƙwace mini.

Anti ta kama hannuna. "Saurara. Cewa aka yi kar a ƙetare, ko? To kar ki ɗaga ƙafa, ja ta za ki yi. Kuma in za ki wuce manya me kike cewa?"

"Gafara dai."

"To bismilla."

Haka muka taho, ina jan ƙafa kamar mai gogen daɓe, kowane dutse in ce masa gafara dai Baba, Anti na amsawa a madadinsu. Wata ɗaliba ta biyo mu tana rubutawa, ta ɗauka ibada ce. A bayana na ji takalmin injiniya shi ma yana ƙuu, ƙuu, ban dai juya ba.

Washegari na tasa shi gaba sai wurin ungozoma. Ta tambaya ko na faɗi, na ce a'a. Ko na ga jini, a'a. To me ya faru? Maigida ya yi caraf ya ce gajiya ce. Ta ɗora na'urarta a cikina, ta daɗe tana lalube, can sai ga bugun zuciya, da sauri da sauri kamar ana daka a maƙwabta.

"Kin ji ko?" ya ce.

Na ji, na kuma gode Allah. Amma sai na riƙe ɗan nan a hannuna tukuna zan yarda an yafe mini. Kafin nan, ko Stockport Road za ni sayen attaruhu kaina a ƙasa yake, duk wani murfin ƙarfe mai rubutu da ke kan titi zagaye shi nake yi. Shi ya ce na gas ne da na ruwa. Ya je ya taka abinsa.