Hannun Guduma

Ranar da Guduma ya fara shigowa shagona, jinin wani ne a rigarsa, kyamarar wani kuma a rataye a wuyansa. Ni mai hoto ne, shagona yana kallon ƙofar tashar mota, don haka a kan idona aka yi komai. Wani direba ne ya ɗauki fasinja alhali layi bai zo kansa ba. Guduma ya fizgo shi ta taga kamar buhu, ya yi ta haɗa kansa da jikin motar har madubi ya tarwatse. Wani baƙo mai tsautsayi ya ɗaga kyamara zai ɗauka. Naushi ɗaya ya sha, hanci ya fashe, ya bar kyamarar da takalmi ƙafa ɗaya ya ranta a na kare.

Bayan ƙura ta lafa sai ga Guduma ya cika mini ƙofa, shagon ya yi duhu.

"Mai hoto, koya mini wannan abin."

Ni dai Allah ya ba ni baki, bai ba ni ƙashi ba. Na ce, "Ai kyamarar nan ba taka ba ce."

Ya ce, "A wuyan wa take yanzu?"

Na jawo masa kujera. Mai kyamarar bai taɓa dawowa nemanta ba, ni ma da ni ne ba zan dawo ba.

Guduma ɗan kamasho ne, a tashar nan ya girma. Ubansa bakanike ne, kuma tsofaffin direbobi sun ce da fambel, bel ɗin nan na injin mota, yake yi wa yaron magana, safe da yamma. Ya fara da dakon kaya yana kwana a ƙarƙashin motoci, ya koma kwandasta, daga nan ya zama mai tsare layi. Sunan nasa daga dunƙulen hannunsa ya fito. Haƙoransa na gaba biyu sun tafi a wani faɗa, kunnensa na hagu a tsage yake, kuma ba a taɓa jin ya roƙi abu sau biyu ba. Na tsane shi tun kafin ya san ina duniya, don na sha share gilashin da faɗansa ya watso mini ƙofar shago.

Muka sa lokaci da yamma, in motoci sun ragu. Ina rufe ƙyaure ɗaya, mu zauna daga ni sai shi. Na nuna masa yadda ake sa batir da katin ajiya, yadda ake naɗa madauri a hannu, a manne gwiwar hannu a jiki, a riƙe numfashi. Duk wannan bai ba shi wahala ba, kansa yana ja. Inda gizo ke saƙar shi ne maɓallin ɗauka. Maɓallin nan hawa biyu gare shi. Ana danna shi rabi, a hankali, a jira kyamara ta nemi abin da ake so, ta yi ɗan kuka, koren akwati ya fito a gilashin baya. Sai a lokacin ake ƙarasa dannawa. Shi kuwa yatsan Guduma bai san rabi ba. Ko dai gaba ɗaya, ko babu. Yana kai wa maɓallin sara, kyamarar ta girgiza, hoton ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa mai.

"Rabi na ce, Guduma! Maɓalli ne, ba idon direba ba!"

Ya harare ni, ya sake sara. Da abin ya ishe shi sai ya yi ƙwallo da ƙafar kyamarata mai ƙafa uku, ta bugi bango ta lanƙwashe. Washegari butata ce ta sha, ranar da ta biyo kuma fankar tebur. Na ga in ban yi dabara ba shagon zai ƙare kafin karatun ya ƙare. Sai na sayo nunannen tumatir na ajiye a gabansa, na ce ya danna da yatsa har fatar ta lotsa amma kada ta fashe. Na farko ya feso mini a ido. Ranar nan mun yi asarar abin da zai yi miyar gida guda, ina zaginsa a ciki, yana zagina a fili. Amma sannu a hankali yatsan ya fara jin magana. Wata yamma ya ɗauki lanƙwasasshiyar fankata, hoton ya fito tar, har ƙurar da ke jikin fukafukanta ana gani. Ya daɗe yana kallon gilashin baya, bakinsa a buɗe.

A ranar ne na yi ƙarfin halin tambayarsa me zai yi da hoto. Na ɗauka zai ce in kama gabana. Sai ya sunkuyar da kai ya gaya mini. Matarsa ta bar gidan tun ranar da ya karya mata yatsu a kan abinci ya huce. Tana gidan yayanta, ta tafi da 'yarsu guda ɗaya, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Mamana. Yarinyar ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Yayan matar ya yarda duk ranar hutu a fito da ita ƙofar gida ya gan ta na ɗan lokaci, shi yana tsaye a gefe.

"Ɗakina ba kowa, mai hoto. Ina so in buɗe ido da safe in ga Mamana a bango tana kallona. Ni nake so in ɗauka da hannuna, ba wani ƙato ba."

Na ce masa ai ya riga ya iya, ya je ya ɗauko, ni zan wanke masa babba in sa a firam.

Ranar da ya dawo, da ƙafa ya buɗe ƙyauren. Ya dangwarar da kyamarar a kan tebur yana huci.

"Ko abin nan ya lalace, ko kai ka koya mini ƙarya. Ko ɗaya bai yi ba!"

Na kunna na fara dubawa. Hotunan sun fi ƙarfin ƙirga, kuma babu wanda ya girgiza, yatsan ya yi aikinsa. Ga yarinya cikin 'yar riga ruwan ɗorawa, ga ƙofa a bayanta, komai tar. Fuska ce kawai babu. A kowane hoto ta ɗora hannu a ka, ta runtse ido, ta juya kafaɗa. Koren akwatin nan gwiwar hannunta ya yi ta kamawa. Haushi ya kama ni.

Na ce, "Kyamara lafiyarta ƙalau. Tashi ka nuna mini yadda kake ɗauka."

Ya miƙe, ya fizgi kyamarar ya kai fuska da sauri. Wallahi ban san lokacin da na duƙa na kare kaina ba.

Na ce, "To ka gani? Ni ke nan da furfurata. Yarinyar nan ba kyamara take gani ba, hannunka take gani yana tashi. Ta san abin da ke biyo baya. Kai ka koya mata, kuma ta fi ka saurin ɗaukar karatu."

Baki shi ke yanka wuya. Ban rufe nawa ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya maka ni da bango, hotunan amare da na jarirai suka zubo mana a ka, gilasai suka farfashe. Ya ɗaga ɗaya hannun a dunƙule. Ina ganinsa a sama, na yi kalmar shahada. Sai ya kai wa bango naushin a gefen kunnena, siminti ya zubo. Ya sake ni na zube a kan gilashi, tafin hannuna ya yanke, shi kuma ya fice.

Na rantse ba zan ƙara koya masa ko gaisuwa ba. Amma da ya dawo bayan kwanaki, ya tsaya a waje kamar baƙo, ya ce da ƙaramar murya, "To yaya zan yi?" sai rantsuwar ta bi ruwa. Ba don shi ba, don gwiwar hannun nan da ta hana ni sukuni. Na nuna masa gilashin bayan kyamarar yana ɗagowa. Na ce ya zauna a ƙasa, ya ɗora kyamarar a cinya, ya leƙa daga sama, kada hannunsa ya wuce cibiya. Ya gwada a ranar hutu ta gaba. An samu ci gaba, hannun yarinyar ya sauka daga ka. Sai dai idonta ba ya kan fuskarsa, yana kan hannayensa, ƙafarta ɗaya kuma ta riga ta juya wajen ƙofa. Ya kalli hotunan ya ce zai ci gaba da gwadawa. Ya bar mini kyamarar in sa mata caji.

Bai samu zuwa karɓa ba. Shugabancin tasha ya canza hannu, sababbin suka zo da nasu mutanen, Guduma kuwa ya ce ba mai ɗaga shi daga layin da ya tsare tun yana saurayi. Da hantsi suka zo masa, da rodi da gorori. Ya kwantar da na farko, ya fasa wa na biyu baki da kai, ya ƙwace gorar na uku ya karya ta a gadon bayansa. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wani ya sare shi a gwiwa ta baya ya durƙusa, suka rufe shi. Suka take hannayensa a kan dakalin siminti suka yi ta sauke rodi, ina jin ƙarar ƙashi daga cikin shago. Ina bayan ƙyaure ina leƙe. Sai da suka gaji don kansu suka tafi, muka kwashe shi a bayan akori-kura.

Na je duba shi a asibiti da kyamarar a jaka, don ban san me zan kai masa ba. An ɗaure hannayen duka biyu cikin filasta mai tauri tun daga kafaɗa, kawunan yatsu kawai suka leƙo, a kumbure. Ina zaune sai ga matar ta shigo da kwanon abinci, yayanta a baya, yarinyar tana riƙe da gefen zaninta. Matar ta ajiye kwanon ta koma bakin ƙofa, ba ta ce masa sannu ba, ni kuma ban ga laifinta ba.

Yarinyar ta tsaya tana kallon farin filastan. Ta saki zanin uwar, ta matso, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa shi. Ta ɗaga hannun nasa kaɗan ta saki, ya faɗi kamar icce. Sai ta hau gefen gadon ta dube shi ido cikin ido. Ashe manyan idanu gare ta, da ɗan wushirya.

"Mai hoto," ya ce da raɗa, bai kawar da ido daga kanta ba. "Kawo. Don Allah kawo. Don Allah."

Na ɗora masa kyamarar a ƙirji, na ɗago gilashin baya yadda zai gani, na ja hannun filastan na aza yatsan a kan maɓalli. Yatsan da ya fasa tumatir ya lanƙwasa ƙarfe, da ƙyar ya iya kai rabi. Kyamarar ta yi ɗan kukanta, koren akwati ya kama idon yarinyar. Ya cije leɓe, gumi ya keto masa, ya ƙarasa.

"Ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Guduma. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba."

Ya yi dariya da wawulon bakinsa, hawaye yana gangara cikin tsagaggen kunnen. Yarinyar tana ta shafa filastan.

"Baba, yaushe za a cire maka wannan?"

"Ba da daɗewa ba, Mamana. Likita ya ce zan warke sarai, hannuna zai dawo kamar da."

Ta daina shafawa. Ta waiwayi uwarta, ta dawo da ido kansa, ta matso kusa da kunnensa, amma duk ɗakin mun ji.

"Baba, ka ce musu kada su cire."