Kwaɗo Ne Ya Yi Magana Sau Uku

A Namtari na girma, a hannun kakata, Maama. Ba ta da wasa. In an gama cin tuwo sai ta tura kara cikin wuta, ta dube mu ɗaya-ɗaya. Mai gyangyaɗi ya sha ranƙwashi. Sannan ta ce, "To, a ba ni kunne."

Akwai wata tatsuniyarta da ban manta ba. Wani makiyayi ya iso bakin Binuwai da shanunsa, yana neman mashigi. Kwaɗo ya fara amsa masa, don shi ne a kusa, kuma ya fi kowa murya: "Shiga, ruwa iya gwiwa!" Belbela ta ce haka ne. Gauraka ma ya ce haka ne. Da makiyayi ya matsa musu da tambaya, belbela ta ce wurin kwaɗo ta ji, gauraka kuma wurin belbela.

Nan Maama ta nuna ni da muciya. "Ke, baki nawa ke nan?"

Na ce uku.

"Ɗaya, shashasha! Kwaɗo ne ya yi magana sau uku."

Makiyayi bai shiga ba sai da wata saniya ta fito daga hayi, ya duba inda laka ta tsaya a jikinta. Har wuya. Ya kaɗa shanunsa gaba.

Bara jikata Jamila ta dawo daga jami'a tana kuka. An mayar mata da aikinta na ƙarshe, in ba ta gyara ba sa'anninta su fita su bar ta. Abin da waya ta fara nuna mata shi ta kwashe.

"Nenne, wallahi wuri biyar na gani an rubuta haka!"

Na ce, "Uhm."

Aka tura ta wurin Madam Rahila, mai kula da laburare. Matar ba ta karɓar magana sai ta ji wa ya rubuta, yaushe, ina ya samo. Ta sa Jamila ta bi wuraren nan biyar har tushe. Ashe duk bakin mutum ɗaya suka ara. Ta koya mata shiga rumbun da masana ke ajiye bincike bayan 'yan'uwansu sun tace.

Ban taɓa ganin matar nan ba, amma ranar da aka karɓi aikin Jamila na aika mata da man shanu.

Ina yarinya na ɗauka kwaɗo maƙaryaci ne. Sai yanzu na tuna Maama ba ta taɓa faɗin haka ba. Inda yake zaune, ruwan iya gwiwa ne. Tsakiyar kogi ce bai taɓa zuwa ba.