Kufan Garin Kaka a Kan Dutse

Wata Asabar a farkon daminar 1956, Kaka, mahaifiyar babana, ta jingine tsintsiya a tsakar gidanmu na Shabu, ta ce sai an kai ta kufan garinsu tun ƙafa ba ta ƙi ta ba. Shekarata tara, aikina ɗebo ruwa da korar kaji daga shanyar rogo. Baba na fama da gonar doya, sai ƙanensa Baffa Audu ya ɗauki adda, aka rataya mini goran ruwa. Motar katako ta sauke mu a gindin duwatsun Eggon, muka ƙarasa da ƙafa.

Sai da rana ta take muka kai sama. Ganuwa ce ta duwatsu da aka jera ba laka, ta fi Baffa tsayi, ƙofarta sai mutum ya karkace yake shiga. Ciki tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Ciyawa ta cinye ɗakunan, duwatsun niƙa na kife. A bakin wani kogo Kaka ta tsaya, ta ce nan uwarta ta toshe mata baki tana yarinya, ranar da mahara suka hau suka kama wanta. "Akuyarmu yake ja, ya ƙi sakinta," in ji ta. Ta kira sunansa sau uku, dutse ya maido mata da muryarta.

Ni na fara ganin wani sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na tambayi Baffa wane irin kare ne wannan. Ya duba, fuskarsa ta sauya. "Damisa ce, kuma yau ta taka. Kada wanda ya yi gudu." Kaka kuwa sai ta zauna daram, ta ce mu tafi, ita ta iso gida. Baffa ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, in kin zauna, yarinyar nan ma ta zauna." Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo masa hannu. Muna gangarowa hadari na haɗuwa, a bayanmu wani abu ya yi tari sau biyu. Ba wanda ya waiwaya.

Kaka ta rasu kafin a haƙe doyar shekarar. Yau matasa na hawa wurin suna dariya, jikokina ma sun nuna mini hoton ganuwar a waya. Damisa ta ƙare, tsoron ma ya tafi. Ni dai har yau ban sani ba ko mun kyauta mata da muka sauko da ita.