Ƙafata da Farantin Hajara

Salamu alaikum. Wata tara ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa Sani ya samu ƙarin girma a ofis ya daina kula mutane, Allah ya karɓi bakinku, amma ba haka aka yi ba. Jinya na yi.

Da ƙishirwa abin ya fara, sai yawan fitsari. Duk mai tasowa daga Mararaba zuwa cikin gari da safe ya san abin da cunkoson Nyanya ke yi wa mai cikakkiyar mara. Na ce zafin gari ne, na ci gaba da kora burodina da lemon kwalba.

Sai sabon takalmi ya ƙuje min babban yatsan ƙafar dama. Sati uku ciwon yana nan, har ya fara ruwa.

Ranar da matata Hajara ta ga wurin, mayafinta kawai ta ɗauko. Mahaifina da ciwon yatsa ya fara, aka ƙare da yanke masa ƙafa daga gwiwa. Inna ta shekara bakwai tana tura shi a keke har Allah ya karɓi abinsa.

A asibiti aka ɗebi jinina. Likita ya kalli takarda, ya kalli tumbina.

"Malam Sani, ciwon sukari ne, kuma ya jima a jikinka. In sukarin bai sauka ba, ciwon nan ba zai rufe ba."

Ban tambaye shi abin da zai biyo baya ba. Na riga na gani a gidanmu.

Kwana shida na yi a kwance, allura safe da yamma, wankin ciwo kullum. 'Yan dubiya, Allah ya saka musu, kowa da katan ɗin maltinsa. Masu gadin asibiti sun sha daɗi.

Da aka sallame ni sai na zama likitan kaina. Na bar sukari na koma zuma, cokali uku a shayi. Na bar shinkafa na koma tuwon alkama, tunda kowa ya ce shi ne abincin masu sukari, kuma ai ba a yi wa magani ƙwauro. Malmala uku nake tashi da su. Aka ware min kwanona daban, ni da shekara goma sha shida muna ci da Hajara a faranti ɗaya, wani na silba da ya zo cikin kayan ɗakinta. Wallahi ci ni kaɗai ya fi allurar yi min ciwo.

Wata guda sukari bai sauko ba, ga tsinken gwaji da tsada. Ciwon ya ƙara faɗi. Likita ya ambaci tiyata a fakaice. Da muka shiga mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Likitan ne ya tura mu wurin mai ba da shawara kan abinci, wata 'yar Filato, Madam Nanret. Hajara ta buɗe mata kular abincina na rana. Matar ta riƙe baki.

"Oga, wannan na mutum nawa ne?"

"Alkama ce fa," na ce.

"Alkama ma sukari yake zama a ciki. Zuma kuma yayan sukari ne. Dunƙule hannunka in gani. Yauwa, tuwonka kada ya wuce wannan."

Ta fahimtar da mu cewa wani abincin a guje yake zuba sukari cikin jini, kamar farar shinkafa da burodi da lemo, wani kuma sannu a hankali, kamar wake da ganye da gyaɗa. Rabin faranti ganye, sauran a raba tsakanin kifi ko ƙwai da ɗan tuwon. Kuma a fara da ganyen.

Washegari farantin silba ya dawo. Kwaɗon zogale ya cinye rabinsa, ga kifi, ga ɗan faten wake. Hajara ta wanke hannu ta zauna. Na ɗauka taya ni take yi, in na fita ta dafa shinkafarta, don ita da tuwon shinkafa ba mai shiga tsakaninsu.

Na yi mita ba kaɗan ba. "Wai ni akuya ne?"

"Ci, Baban Amira," ta ce. "Akuya dai da ƙafafunta take yawo."

Na ci.

A hankali sukari ya fara sauka. A wata na uku ciwon ya rufe. Kilo goma sha huɗu na sauke, har sau biyu mai gyaran takalmi yana yi wa bel ɗina sabon huji. Likita ya rage min magani, bai cire ba.

Gab da sallah na kai Hajara wurin tela, sai na ga tsofaffin rigunanta ta kai a rage mata.

"Ke ma ba kya cin shinkafar?"

"Tun ranar."

"Ke ai lafiyarki ƙalau."

"Na ga Inna tana tura keken Baba," ta ce. "Ni ba zan tura ka ba. Jerawa za mu yi."

Sai na kama gyara madubin mota.

Na gode wa Allah, na gode wa likitana da Madam Nanret, da ku da kuka yi ta cigiyata. Don Allah ku je a gwada sukarinku ko kuna jin garau. Ciwon ƙafa in ya wuce kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ku kai shi asibiti. Kada ku ajiye magani don kun gyara ci. In za ku dubo mai sukari, ku bar malt a shago. In kuma ɗan gidanku ne, kada ku bar shi ya ci shi kaɗai.

Yanzu kullum bayan la'asar muna zagaya unguwa a ƙafa, ni da ita. Jiya har cewa ta yi in rage sauri.